Zoben da kuke yi wa dariya

'Yan majalisar ƙofar gida! Labari ya iso ni cewa tun ranar da na kafa zoben jan ƙarfe a kan soro kuka samu abin hira. Wani ya ce tayar keke na rataya don maganin baki. Wani kuma, Allah ya ƙara masa basira, ya rantse wurin shanyar kilishi nake shiryawa. To ku matso, Alhaji a gyara zama, yau za a yi ta a fili.

Tambaya ɗaya tukuna. Shekara nawa kuka yi kuna jin mai gabatar da shiri yana cewa a kama mu a kan mita 41 ko mita 49 a gajeren zango? Mitar me? Na ga an yi shiru. Tsawon igiyar rediyon ke nan. A raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawonta. Mu masu rediyon sha'awa, waɗanda lambar kiranmu ke farawa da 5N a Najeriya, 5U a Nijar, muna da wuri a megahaz 7 da 3.5 da 1.8. Eriyar gargajiya tana son rabin tsawon igiya: waya mita 20 a na farko, mita 40 a na biyu, kusan mita 80 a na uku. Ni kuwa tsakar gidana, in aka shimfiɗa tabarma biyu sai akuya ta nemi izinin wucewa.

Na ji ka, Malam. Ka ce ƙaramin abu ba zai kama doguwar igiya ba. Miƙo mini rediyon nan da ke hammatarka. In ka kwance bayanta za ka ga wata baƙar sanda mai kama da gawayi, an naɗe ta da siririyar waya, ko taki ɗaya ba ta kai ba. Da ita kake kama matsakaicin zango, inda igiya ɗaya ke yin ɗaruruwan mita. Shi ya sa kake juya rediyon gabas da yamma har muryar ta washe. Ashe ka daɗe a ɗariƙarmu, katin shaida ne kawai ba ka karɓa ba.

Nawa zoben shi ma ƙaramar eriya ce, bututun jan ƙarfe ne irin na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, na lanƙwasa shi da'ira mai faɗin mita 1. Tsakanin bakunansa biyu na sa kafasita mai murɗawa, daga ƙasa kuma wani ƙaramin zobe, kashi ɗaya cikin biyar na babban, wanda ke shigo da saƙo daga na'ura. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Kada ku yi saurin tafi, don araha ba ta ado, kuma nan ne za ku ɗan rama. A megahaz 7, da ƙyar kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da na zuba ke tashi sama, sauran ɗumama bututu kawai yake yi. In na sauko zuwa 3.5, abin ya ƙara lalacewa sosai. Ga shi da tsirfa kamar amarya: ka matsa 'yan kilohaz kaɗan, sai ka tashi ka sake murɗa kafasita. Wannan ba sakacina ba ne. Tun 1947 da 1948 injiniyoyi biyu a Amurka, Harold Wheeler da Lan Jen Chu, suka nuna da lissafi cewa duk eriyar da aka matse sai ta rama a wani wuri. Ga kuma wuta: ko a wat 5, bakin kafasitar na iya haura volt 1,000. Ta farko da na ciro daga tsohuwar rediyo, tartsatsi ta yi ta bar ni da ƙauri.

To me ya sa ban haƙura ba? Domin kunnuwan duniya sun ƙara kaifi. Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin fiziks a 1993, ya fitar da manhajar WSPR a 2008. Na'ura ta yi raɗa na kusan minti biyu, ta faɗi lambar kira da wuri da ƙarfi, kwamfutar wani a wata nahiya ta tsamo ta daga ƙarƙashin shuuu ɗin da kunnen mutum ba ya jin komai a ciki, ta rubuta a intanet. Har wa yau zoben yana da ɓangaren da ba ya ji, sai in juya wannan ɓangaren wajen inbatar maƙwabcina, hayaniyarta ta ragu. Da ana samun irin wannan dabarar a kan majalisa, da tuni na saya.

Saura ke, Hajiya, mai cewa ga waya a aljihu, me ya kai ni wahala. Ranar da sabis ya ɗauke, ki aiko yaro. Zobena batir ɗin mota ya ishe shi, ba ya tambayar data. Lasisi dai yake tambaya kafin a aika saƙo, kuma ina da shi, kada wani ya fara murna.

Gani ya kori ji. Ku zo bayan isha'i, lokacin da waɗannan igiyoyi ke yin nisan zango. Shayi a kaina. Mai maganar kilishi shi zai riƙe tsani, amma hannunsa ya tsaya a tsanin.