Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya BVN

Ranki ya daɗe,

Da fatan kina lafiya a can cikin kwamfutocin da kike zaune. Daga Wudil nake rubuto miki, kuma da ƙorafi na zo.

Ki tuna yadda muka san juna. Babban Bankin Najeriya ne ya kawo ki a 2014, aka ce duk mai asusu sai ya je ya gaishe ki. Muka sha layi, aka danna mana yatsu goma a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki hotonmu, aka ba kowa lambobi 11. Aka ce an gama da sojan gona a banki.

To, ga shi wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya ci bashi da sunana, a irin manhajojin wayar nan masu ba da rance cikin minti kaɗan. Ya karanto lambobinki, kika ce kin san shi. Yatsa ko ɗaya ba ki nema ba. Ni kuwa sai ranar da na je neman ɗan jarin kiwo, ma'aikacin banki ya juyo mini da fuskar kwamfuta, ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, ai ana bin ka bashi." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hajiya, ki daure wata Juma'ar ki leƙo Kara, kasuwar shanunmu. Nan ma ana cin bashi, bashin ma na sa guda, ba na katin waya ba. Amma sai dillali ya tsaya, ya dubi mai saye ido da ido, shaidu sun ji kuɗin da aka yanke, an ce albarka, an cire la'ada. Idan baƙo ya zo ya ce shi ne ni, yaran da ke riƙe da igiya ma sai sun yi masa ihu. Babu kwamfuta a wurin, amma ba a taɓa biyo ni gida da kuɗin san da ban ja ba.

Ke kuma sakin baki gare ki. Duk wanda ya sace layin mutum ya danna *565*0#, sai ki fito ki gabatar da kanki. Ga masu yawo da fom ɗin tallafi, ga masu bugo waya da muryar ladabi suna cewa daga banki suke. Kowa ya kira ki, kin amsa.

Wanke suna kuwa aikin wanda aka zalunta ne. Kamfanoni uku ke riƙe da kundin masu bashi a ƙasar nan, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kowanne da littafinsa. Dokar 2017 ta ba ni damar karɓar rahotona kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba, madalla da wannan. Sai dai kafin a saurare ni, sai na kawo takardar 'yan sanda, na yi rantsuwa a kotu cewa ni ne ni, na rubuta wa wanda ya ba da rancen, sannan na jira ya amsa. Yanzu mai shagon kwafin takardu yana hango ni yake kunna inji. Shi ɓarawon ko silifas bai saka ba ya gama nasa aikin.

Abin da ke hana ni barci shi ne tsarin da aka fara a 2020, wanda ya ba bankuna damar bin sawunki su ciri kuɗin bashi daga asusun mutum a wani bankin. Ma'ana, duk inda na ajiye kuɗin rago, kin san ƙofar.

Roƙona biyu ne. Duk wanda ya zo cin bashi da sunana, ki ce ya nuna fuska ko ya kawo babban yatsa. Idan kuma gaskiya ta bayyana, a goge ni a littattafan uku gaba ɗaya, kada a wanke ni a ɗaya a bar ni da baƙin jini a biyu. Don Allah a yi kafin lokacin sayen ragunan kiwo ya wuce.

Naki,
Mai yatsu goma na asali,
Wudil.