Yadda Ake Ɗaura wa A-kori-kura Shaidar da Ba Ta Gyangyaɗi

Duk direban da aka taɓa goga wa mota a shataletale ya san yadda shaidu suke tsirowa kamar ciyawar damina. Kafin ka buɗe ƙofa ka sauko, mutum ashirin sun kewaye ka, kowa yana rantsuwa a kan idonsa aka yi. Mai shayi ya gani, mai faci ya gani, har wanda ya fito daga shago yanzun nan yana ƙirga canji shi ma ya gani, kuma ba mutum biyun da labarinsu ya zo ɗaya. Shi ya sa nake ƙaunar 'yar kyamarar nan da ake mannawa a gilashin gaba. Ba ta da ɗan'uwa a cikin masu rigima, ba ta karɓar goro, ba ta mantuwa. Gani ya kori ji.

Sai dai ita ma wannan shaida tana da ciki, abincinta kuwa wuta. Mafi yawan mutane a ramin caja suke soka wayarta su ce an gama, alhali ramin nan kishiyoyi gare shi. Da kun fita gari yaron mota zai dube ka cikin ladabi ya ce, "Oga, wayata ta kusa mutuwa, minti biyar kacal." Minti biyar ɗin nan ita za ta kai ku Zariya, kuma a cikinta mai tirela zai matse ka. Ban da haka, a yawancin Hilux da 'yan'uwanta, da ka zare makulli ramin ya mutu, kyamara ta bi shi. Motar da ka ajiye a bakin kasuwar Dawanau ka shiga ciniki, a lokacin ne ta fi bukatar mai gadi. Maganin abin shi ne a ja wa kyamara wutarta ita kaɗai daga akwatin fis, a ɓoye wayar yadda mai neman caji ba zai gan ta ba, balle ransa ya biya.

Da farko ka cire wa ranka yanke kan wayar kyamara ka murɗa ta a jikin wata waya da ka tsinta a ƙarƙashin sitiyari. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, in inji na aiki ya kai wajen 14. Mafi yawan kyamarorin nan kuwa bolt 5 suke ci, irin na wayar hannu. Wanda ya ɗura mata 12 kai tsaye zai ji ɗan ƙauri, daga nan sai karɓar gaisuwa. Akwai wayar da aka yi musamman don wannan aiki, mai ɗan baƙin akwati a tsakiya kamar na ashana. Shi ke sauko da wutar zuwa 5, shi kuma ke sa ido a kan batir ya yanke wa kyamara abinci in ya ga maigida zai kwana da yunwa. Ka tafi kasuwa da kyamararka a hannu a gwada bakin wayar a gabanka, don bakunan iri-iri ne.

Wayar nan jela uku gare ta. Baƙa ta jikin ƙarfen mota ce. Ɗaya tana son wutar da ba ta mutuwa dare da rana, ɗaya kuma wutar da sai an murɗa makulli take zuwa. Da ita kyamara ke gane ko tafiya ake ko mota a ajiye take. A nan fa ka buɗe ido da kyau, saboda kamfanonin ba su haɗa baki ba. Wani ya sa ruwan ɗorawa ta zama ta batir, ja ta makulli, wani kuma ya juya su. Kowace jela akwai 'yar takarda a wuyanta, a rubuce BATT ko ACC. Takardar za ka bi. Launi ya yaudari masu wayarin da suka shekara ashirin a gareji.

Sai abin da ni nake kira mai goyo. Wata 'yar aba ce mai ƙafa biyu da ake sokawa a gurbin fis, a bayanta akwai gurbi biyu: ɗaya na fis ɗin da ka cire, ɗaya na sabon da zai tsare kyamara. Biyu za ka saya, ɗaya don jelar BATT, ɗaya don ta ACC. Kuma tun da fis girma-girma ne, akwai babba, akwai ƙarami, akwai gajere mai guntayen ƙafafu irin wanda Toyota ta fi amfani da shi, to ka zaro ɗaya daga motarka ka sa a aljihu ka nufi Ƙofar Ruwa da shi. Kwatance da yatsa ba ya sayen fis. Ka haɗo da tasta mai ƙwai, sifana lamba 10, salatif, da 'yan maɗauran roba.

Ranar aiki ka zaɓi safiyar da ba ka da lodi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sami inuwa. Ka kuma sanar da uwargida abin da za ka yi, domin akwatin fis na cikin mota a ƙasan dashbod yake, wata motar ta wajen direba, wata ta ɗaya gefen, kuma ba a isa gare shi sai an kwanta rigingine, kai a wajen birki, ƙafafu a waje. In ta leƙo ta ga ƙafafunka a miƙe ba motsi, kafin ka yi bayani unguwa ta cika.

Ko ba ta yi kururuwa ba jama'a za su zo. Ba a taɓa buɗe mota a ƙofar gida an rasa mashawarta ba, kuma da zuciya ɗaya suke zuwa. Kada ka kore su, aiki za ka raba musu. Dattijon maƙwabci da ya ce a zamaninsu takardar sigari ake naɗawa a madadin fis, ka ce, "Baba, don Allah riƙe mini tocila, idonka ya fi nawa sanin mota." Zai riƙe da alfahari, kai kuma ka tsira daga takardar sigari. Fis mai gadi ne da aka yi shi don ya ƙone kafin waya ta ƙone, wanda ya maye gurbinsa da abin da ba ya ƙonewa ya gayyaci gobara har cikin ɗaki.

Yanzu farauta. Ka maƙala kadan tasta a jikin ƙarfe, ka zare makulli, ka ɗan jira mintoci, don sababbin motoci sukan riƙe wuta a wasu layuka kafin su yi barci. Kowane fis yana da 'yan ɗigon ƙarfe biyu a bayansa, su za ka riƙa taɓawa da tsinin tasta. Wanda ya kunna ƙwai alhali makulli na aljihunka, shi ne mai wutar dindindin, galibi na fitilar cikin mota ko na makullin ƙofofi. Wanda ya yi shiru sai da ka murɗa makulli ya haska, shi ne na biyun, kuma na ramin caja ko na rediyo ya fi dacewa. A bayan murfin akwatin akwai taswira da sunan kowane fis. Duk inda ka ga SRS, ko ABS, ko ECU, ko EFI, ka gaishe shi daga nesa ka wuce. Na jakar iska ne, da na birki, da na ƙwaƙwalwar inji. Wannan ba wurin gwaji ba ne, kada garin neman gira a rasa ido. Haka duk wani soket mai ruwan ɗorawa da ka gani a ƙarƙashin dashbod, na jakar iska ne, ko da wasa kada tasta ta kusance shi.

In ka zaɓi biyun da kake so, ka zaro kowanne ka taɓa ramukansa biyu da tasta, ɗaya ne kawai zai haska (na biyun sai ka murɗa makulli). Ka riƙe wannan a ka, sannan ka kwance kan batir na baƙar waya kafin ka ci gaba. Agogon rediyo zai rikice, amma saita agogo ya fi sauƙi a kan sayen wayarin. Tsohon fis ya shiga gurbin da ke kusa da ƙafafun mai goyo, sabon kuma, ɗan ƙarami mai amfiya 5 ko ƙasa da haka, ya hau na sama. Ƙafar da ta fi nisa da jelar waya ita za ta shiga ramin da ya haska. In ka juya ta, kyamara za ta kama, sai dai wutarta za ta riƙa bi ta cikin tsohon fis, ka ɗora wa bawan Allah kayan da ba nasa ba. Kuma kada a ce tun da ja mai 10 ya ƙone bari a sa shuɗi mai 15 ko kore mai 30 don ya fi ƙarko. Lambar da ka tarar ita za ka mayar.

Baƙar jela ita aka fi rainawa, ita kuma ta fi kawo ciwon kai. Ka nemi notin da ya shiga cikin ƙarfen bodi sosai, ka kwance shi, ka kankare fenti in akwai, ka sa zoben wayar ka ɗaure tamau. Wanda ya ɗaure ta a kusar da ke riƙe da roba zai ga kyamara tana kamawa tana ɗaukewa duk lokacin da taya ta faɗa rami, har ya fara zargin mutanen ɓoye.

Ita kanta kyamarar, mazauninta bayan madubin tsakiya ne, inda ba za ta tare maka hanya ba, kuma inda waifa ke sharewa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san ƙurar hunturu. Kyamarar da aka manna a saman inda waifa ba ta kaiwa, hoton hazo za ta yi ta tara maka har bazara. Ka goge gilashin da sifirit ya bushe, ka kunna ta ka duba hoton a daidaice yake, sannan ka manna. Mai gam ta fi mai tsotson gilashi, domin zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40 a waje, balle cikin motar da aka rufe. Saboda zafin nan ne ma nake roƙonka, in ba ka riga ka saya ba, ka nemi mai kafasita a ciki maimakon mai ƙaramin batir irin na waya. Batirin nan yakan kumbura in rana ta gasa shi, kafasita kuwa ta fi shi jimiri nesa ba kusa ba.

Daga nan ka tura waya cikin bakin silin da tsohon katin roba, ba da sukudireba ba, ka bi da ita zuwa ginshiƙin gefen gilashi. In motarka mai jakar iska ce a ginshiƙin, ka buɗe murfin ka bi da wayar ta bayan jakar, tare da wayoyin da ka tarar. Kada ta gitta ta gabanta. Jakar nan cikin ƙiftawar ido take fashewa, ba ta bukatar igiya a wuya ranar da za ta ceci ranka. Sai ka gangaro ta cikin robar ƙofa zuwa akwatin fis. Ragowar wayar ka naɗe ka ɗaure ta can sama, nesa da birki da kuloci da totur.

A jikin ɗan baƙin akwatin nan yawanci akwai maɓalli mai lambobi: 11.8, 12.0, 12.2, 12.4. Iyakar da in batir ya sauko gare ta za a yanke wa kyamara wuta ke nan. Lafiyayyen batir da ya cika yana wajen 12.6. Mai kwaɗayin a yi masa gadi har asuba yakan zaɓi 11.8, da safe kuma ya fito yana neman majiya ƙarfi huɗu su tura masa mota, a-kori-kura mai lodi kuwa ba ta turuwa da fatar baki. Injin dizal yana son batir mai ƙarfi kafin ya tashi, musamman da sanyin asuba. Ka sa 12.2, in batirin ya kwana biyu ka sa 12.4.

Masu son kyamara ta biyu a gilashin baya, ku tuna bayan a-kori-kura ɗakin baƙi ne. Ranar da kuka ɗauko buhunan masara, buhu za ta ɗauka tun daga gona har gida. Ranar jajibirin Babbar Sallah kuwa za ku sami fim na awa biyu na fuskar rago yana tuƙa. Duk da haka tana da rana, don ita ke ganin hannun da ya miƙo cikin kaya a gosulo.

Saura memori. Araha ba ta ado: ka sayi irin wanda aka yi don ɗaukar bidiyo ba tsayawa, mai giga 64 ko 128, a shagon da ka yarda da shi, domin jabu sun yi yawa. Kyamara gutsi-gutsi take ɗauka, minti ɗaya ko uku ko biyar, in wuri ya cika ta goge tsoho ta ɗora sabo. Amma in ta ji jijjiga sai ta kulle wannan gutsuren, a zatonta haɗari ne. A hanyoyinmu, in ka bar mata kunne a buɗe, duk rami haɗari ne a wurinta, cikin sati memori ya cika da abin da ba ya goguwa. Ka rage mata jin jijjiga zuwa ƙasa, ka riƙa wanke memorin duk wata. Ka saita kwanan wata da agogo, mu a nan awa ɗaya muke gaban GMT. Shaidar da ta ce abin ya faru shekara biyar da suka wuce ba za ta fisshe ka ba.

Ka sani kuma tana jin magana. Duk waƙar da ka rera kai kaɗai a hanyar Gusau, da duk abin da ka faɗa wa ɗan a-daidaita-sahun da ya yanko gabanka, suna ciki. Ka gaya wa duk wanda ka ɗauka, ko ka kashe mata kunne. In kuma ta ɗauko haɗarin wasu bayin Allah, ka kai wa jami'an kiyaye haɗurra ko iyalansu in sun nema, kada ka watsa a Facebook. Wata uwa ba ta ji labari ba tukuna.

Sai ka mayar da kan batir, ka karɓi tocila daga hannun Baba da godiya, ka murɗa makulli. In ta yi ƙara ta haska, madalla. Ka kashe mota ka tsaya ka ga ta koma gadi. Ranar da muka ɗaura wa Hilux ɗin yayana, ya shekara yana zargin yaran layi da ƙarce masa bonet. Washegari da sassafe ya zaro memori muka zauna a kan tabarma. Ƙarfe biyu da kwata na dare, ga akuyar gidansa ta ɗora ƙafa a bamba, ta haye, ta zagaya sau biyu ta kwanta inda ɗumin inji yake. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ƙaramin ɗansa ya ba shi kuɗi, ya ce ya sayo alewa ya raba wa yaran layi.