Allah Ya Saka wa Masu Ceton Kamfanoni

Duk ƙasar da tsofaffi suka addabi manyan kamfanoninta tana buƙatar jarumai, Amurka kuwa ta dace da su. Tun 1986 suka kafa ƙungiyar ATRA domin gyara dokokin neman diyya, a 1998 babbar majalisar 'yan kasuwar ƙasar ta buɗe tata cibiyar ta irin wannan aiki. Kukansu ɗaya ne, wai mutane sun mayar da kotu wurin neman arziki, kowa ya yi tuntuɓe sai ya nemi lauya. Wanda bai ji tausayin kamfanin inshora ba a wannan hali, to a duba zuciyarsa.

Shugabar azzaluman nan, wadda har yau ake ba da labarinta, ita ce Stella Liebeck, 'yar shekara 79 a garin Albakaki na jihar Niyu Meziko. A watan Fabrairun 1992 ta sayi gahawa a McDonald's, jikanta na tuƙi. Ya tsayar da motar domin ta zuba madara da sukari, ta matse kofin tsakanin gwiwoyinta tana buɗe murfi, gahawar ta kife mata a cinya. Abin da ya biyo baya ba wani abin a zo a gani ba ne: ƙuna mai cinye fata gaba ɗaya a kashi 6 cikin 100 na jikinta, kwana 8 a gadon asibiti, da yankar fata daga wani wuri a liƙa a wani. Don wannan 'yar matsala baiwar Allah ta buɗe baki ta nemi dala 20,000, wai kuɗin magani. Kamfanin, da yake gidan karamci ne, ya miƙa mata dala 800. Ta raina. Ka ji rashin godiyar Allah.

A kotu aka ji cewa kamfanin na sayar da gahawarsa a zafin digiri 82 zuwa 88 na ma'aunin Salshiyas, zafin da ke dafa fatar mutum cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma tsakanin 1982 da 1992 ya karɓi ƙorafin ƙuna fiye da 700. Ni a nan na ga dattako. Kamfanin da aka kawo wa kuka sau 700 bai girgiza ba ai ya cancanci lambar yabo ta tsayawa kan magana ɗaya. Amma mutanen garin da aka zaɓo su taya alƙali yanke hukunci a 1994 ba su gane haka ba. Suka ɗora wa tsohuwar kashi 20 cikin 100 na laifin, suka ba ta dala 160,000, suka ci kamfanin tarar horo ta dala miliyan 2.7, wato kusan cinikin gahawarsa na kwana biyu. Alƙali ya rage tarar zuwa 480,000, daga baya aka sasanta a asirce. Jarumanmu ba su gajiyar da jama'a da wannan dogon bayani ba. Suka taƙaita shi yadda yaro ma zai haddace: wata tsohuwa ta zubar wa kanta gahawa ta zama miloniya. Iya magana ma baiwa ce.

Maganin da suka kawo shi ne ya fi burge ni. Mai ƙaramin tunani zai ce in ana so a hana ƙarar banza, a hukunta mai ƙarar banza. Alƙalai dama suna da ikon korar irin wannan ƙara da cin tarar lauyan da ya kawo ta, kamar yadda mutumin nan na birnin Washintan da ya nemi dala miliyan 54 a kan wandon da ya ce mai wanki ya ɓatar masa ya tashi a tutar babu a 2007. Masu hangen nesa sun wuce nan. Su iyaka suka sa wa diyyar raɗaɗi da naƙasa. Kyawun iyaka shi ne ba ta taɓa maƙaryaci, domin shi dama faɗuwa zai yi. Tana jiran wanda ya kawo hujja, ya ci shari'a, aka tabbatar an cuce shi cuta mai tsanani, sannan ta datse masa rabo. Wanda aka karya wa yatsa zai karɓi haƙƙinsa cif. Wanda aka shanye wa rabin jiki shi zai ba da gudummawa ga tattalin arzikin ƙasa.

Kalifoniya ce ta yi fice a 1975 da dokar MICRA, wadda ta tsayar da diyyar raɗaɗi a ƙarar likitoci a kan dala 250,000. Aka bar adadin nan daram shekara 47, farashin komai na hawa, shi yana zaune. Da an bar shi ya bi tsadar rayuwa da ya haura miliyan ɗaya, amma sai a farkon 2023 aka ɗaga shi zuwa 350,000 ga wanda ya rayu. Ashe a Kalifoniya komai na tsada ban da azaba.

Kada a ce ba a yi adalci ba. Asarar albashi da kuɗin magani ba a sa masu iyaka ba, don haka babban manajan banki in likita ya naƙasa shi za a lissafa masa albashin shekarun da suka rage a biya. Jariri, da matar da ke riƙe da gida, da dattijon da ya yi ritaya, su ba su da takardar albashi, abin da suka rasa lafiya ce kawai. Ga shi kuma lauyoyin irin wannan ƙara ba sa karɓar ko sisi sai an ci, su ke biyan ƙwararrun likitocin da za su ba da shaida, kuɗi masu kauri. Lauya ya yi lissafi ya ga ko an ci ba za a mayar da uwar kuɗi ba, sai ya ce wa iyayen yaron su yi haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, an sani, sai dai Amurkawa ne suka gano yadda za a wajabta shi da doka, a kuma raba shi ga waɗanda suka fi buƙatarsa.

Teksas ta bi sahu a 2003 zamanin Gwamna Rick Perry, da iyakar dala 250,000 a kan likitoci, har da gyaran tsarin mulkin jihar don kada kotu ta yi katsalandan. Dokokin jihar kuma sun ce in kana son kama asibiti da laifin barin likitan da bai dace ba ya yi aiki, sai ka tabbatar da mugun nufi, sakaci kawai bai isa ba. An ga amfanin wannan yanayi na kwanciyar hankali a yankin Dalas, inda likitan ƙashin baya Christopher Duntsch ya yi wa mutum 38 tiyata cikin kimanin shekara biyu, 33 suka sami rauni, biyu daga cikinsu suka mutu, yana barin wannan asibiti yana shiga wancan. A 2017 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Da wasu daga cikin waɗanda ya naƙasa suka kai asibiti ƙara suna ƙalubalantar dokar nan ta mugun nufi, babban lauyan jihar na lokacin, Greg Abbott, ya shiga shari'ar a 2014 domin kare dokar.

Abbott kuwa ya san kotu ciki da bai. A 1984, yana ɗan shekara 26, bishiya ta faɗo masa yana gudun motsa jiki a Hustan, ƙafafunsa suka shanye. Ya yi ƙarar mai gidan da kamfanin kula da bishiyar, aka sasanta a kan miliyoyin daloli da ake biyansa kashi-kashi. Babu mai hankalin da zai yi masa baƙin ciki, jarrabawar ba ƙarama ba ce. Magoya bayansa ma sun yi gaskiya da suke tunatarwa cewa iyakar 2003 ƙarar likitoci ta shafa, shi kuwa bishiya ce ta faɗo masa. To madalla, mutanen Teksas sai su riƙa zaɓen abin da zai naƙasa su. Haka marigayi Alƙali Robert Bork, wanda ya yi rubutu yana goyon bayan taƙaita irin waɗannan ƙararraki, da ya faɗi yana ƙoƙarin hawa dandamalin jawabi a wani kulob a Niyu Yok, sai ga shi a kotu a 2007 yana neman dala miliyan ɗaya. Wannan ai sadaukarwa ce, shugaba ya ɗanɗana cutar da kansa kafin ya hana mabiya.

An yi wa talaka alkawarin cewa kuɗin asibiti zai sauka in an rufe bakin lauyoyi. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya auna a 2009, ya ce gyaran zai rage kuɗin da ƙasar ke kashewa a lafiya da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. Shekara goma kafin nan wani rahoton cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar ya ƙiyasta cewa kuskuren asibiti na kashe mutum 44,000 zuwa 98,000 a shekara. Rage kuskure aiki ne mai wahala da cin kuɗi. Rage masu ƙorafi kuwa zama ɗaya na majalisa ya isa.

Yanzu ma an ci gaba, ba sai an wahalar da majalisa ba. Ana cusa sharaɗi a cikin dogon rubutun nan da mutum ke danna wa amincewa bai karanta ba, cewa in an sami saɓani ba kotu za a je ba, sai gaban mai sasanci a bayan labule, kuma kowa shi kaɗai. Kotun Ƙoli ta sa wa tsarin albarka a 2011, a shari'ar wasu ma'aurata da kamfanin AT&T kan harajin dala 30.22 na wayoyin da aka tallata a matsayin kyauta. Su miliyoyin da aka ci wa irin wannan canji, kowannensu na da cikakken 'yancin ɗaukar lauyansa ya bi sawun dala talatin.

A 2024 wani mutum ya yi ƙarar Disney bayan matarsa, likita, ta rasu sakamakon abincin da jikinta ba ya ɗauka da ta ci a wani gidan abinci cikin harabar kamfanin a Fulorida. Lauyoyin kamfanin suka tono cewa a 2019 mijin ya yi rajistar gwajin kallon fina-finai kyauta a Disney+, don haka ya riga ya yafe zuwa kotu. Da jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye hujjar a watan Agusta. Abin takaici, saura ƙiris a kafa tarihi surutun mutane ya ɓata wa lauyoyin aiki.