Wai Ɗalibi Ne Zai Faɗa wa Farfesa Yadda Za a Karantar?

To, masu girgiza kai na Karaye da Rogo, a gyara zaman hula tukuna. Na ji ku sarai: "Yaron da jiya-jiya ya bar cin tuwo da hannu biyu, shi za a zaunar kusa da farfesa a nemi shawararsa?"

Sannu Alhaji. A zauren da ka yi karatun ilimi, wa yake zaɓen littafi? Kai ne fa. Ka zo da Ahalari, na gefenka ya zo da Risala, malam ya biya wa kowa nasa. In bai zauna maka ba ka ce a maimaita, in ka ƙoshi ka rufe. Fannin da malam bai yi nisa a cikinsa ba, ka naɗe buzu ka nufi Zariya, shi da kansa ya sa maka albarka. A tsangaya ma gardi ke biya wa kolo allo. Kun daɗe kuna yi, sai da aka ambaci jami'a kuka fara salati.

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja: kashi 70 cikin 100 ita ta tsara, 30 ta bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan talatin ɗin nake wa yara kwaɗayi. Ɗan Karaye da ke karanta aikin gona a Jami'ar Bayero, wanda ya tashi yana ban ruwa a gefen madatsar Challawa, ya san watan da tumatir ke zubewa har kuɗin mota ya gagari manomi. Babu wanda ya ce shi zai tsara jarrabawa (ai da kowa ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya). A dai tambaye shi wane darasi ya shige shi, wanne ya bi ta bayan kunne, me gonar gidansu ke nema da allo bai taɓo ba.

"Za su raina malamai, su yi bore!" Baba, boren 1978 da aka yi kan ƙarin kobo 50 a kuɗin abinci, har aka rasa rayuka a Zariya, ba a teburin shawara aka ƙulla shi ba.

Kai kuma na Rogo da ke murmushi a gefe, in ɗanka ya zo hutu daga jami'ar da ke Samaru, tambaye shi wane malami ne ke karanto musu takardar da ta girme su. Ka sa a ɗora shayi, hirar za ta kai isha.