Rabe-raben Masu Neman Sandar Fatsa a Sakkwato

Fatsa, wato kamun kifi da ƙugiya guda da aka ɗaure wa zare a bakin sanda, ita ce ƙarama cikin dabarun su, shi ya sa Sarkawa, masunta na gado, suke barinta ga yara da ma'aikata masu hutun Asabar. Masu fitowa daga Ƙofar Taramniya su nufi gaɓar Rima wajen Kwalkwalawa, ko magudanan noman rani da ke shan ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, duk sanda ɗaya suke nema, wadda za ta ji taɓin karfasa ta kuma jure fizgar tarwaɗa, amma wajen zaɓenta sun kasu biyar.

Na farko shi ne Mai Kayan Kanti, wanda ke sayen doguwar sandar ƙasar waje mai abin naɗe zare, irin wadda aka ƙera don bakin teku, ya zo da ita magudanar da yaro zai iya tsallakewa, saboda haka duk jifan da ya yi a gonar albasar tsallake yake sauka.

Na biyu Ɗan Gargajiya ne, mai sandar gora da guntun silifa da ke yawo bisa ruwa don nuna cizo, da ɗan dalma, da tana cikin gwangwanin tumatir. Ya fi kowa samu, sai dai ranar da babbar tarwaɗa ta karya masa gora, mutanen ɓoye yake ɗora wa laifi.

Na uku Mai Bincike ne, wanda ya gano, kuma gaskiyarsa ce, cewa sandar da ta dace da magudana ita ce mai tsawon mita 2 zuwa 3, mai laushin baki da ƙarfin gindi, domin bakin ne ke sanar da cizo, gindin kuma ke ɗaukar nauyi. Amma yana nan yana taya ta a kasuwa har damina ta faɗi.

Na huɗu, Mai Shawara, ba ya da sanda ko ɗaya, aikinsa tsayuwa bayan mutum yana cewa, "Malam, ai ba nan kifi ka kwana ba." Hujjarsa kullum giwan ruwan Argungu ce, alhali can da homa da gora ake shiga ruwa.

Na biyar shi ne Mai Tsare Mutunci, wanda kowace sanda ta yi masa, tunda a hanyar komawa gida yake sayen kifinsa, uwargida kuwa ta daɗe da daina tambayar yadda fatsa ke kamo kifi banda.