Sabon Windows, Babu Intanet: Masu Shawarar Babban Giji

Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu gyaran kwamfuta daga Gyadi-Gyadi har kasuwar Farm Centre ba su rasa abin yi ba. A goge laftof, a zuba sabon Windows, mai ita ya rungumo abarsa zuwa gida, ya kunna, ya nemi alamar Wi-Fi a ƙasan allo ya rasa. Yawanci ciwon ɗaya ne: direban katin Wi-Fi, wato 'yar manhajar da ke gabatar da katin ga Windows, ya tafi tare da gogewar. Sauke shi sai da intanet, intanet kuwa sai da shi. To, a wannan tsakanin ne ake gane halin mutanen unguwar Babban Giji.

Mai fara isowa shi ne Malam Ba-Sabis. Bai duba komai ba, amma ya riga ya yanke hukunci: "Kamfanin ne, wallahi tun jiya suke wasa da mu." Wayarsa na hannunsa tana kawo bidiyo ba ko tangarɗa, duk da haka bai fasa ba. In ka matsa, ya tuna maka Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace intanet ya samu babbar tangarɗa a Afirka ta Yamma. Gaskiya ne an yi haka. Abin da ya kasa bayyanawa shi ne yadda aka yi wayar ƙarƙashin teku ta tsallake kowa a Tarauni ta zaɓi laftof ɗinka.

Sai Kashe-Kunna. Wannan ba shi da dogon surutu, magani ɗaya ya sani, kuma tun da ya taɓa yi masa aiki a kan rediyo bai sake neman wani ba.

Wanda ya fi su hatsari shi ne yaron shago mai filas rataye a wuya. "Oga, kawo in zuba maka, duk direbobin duniya suna nan." Wani lokaci ma da gaske suna nan, don tarin DriverPack ya ceci mutane da yawa. Sai dai filas ɗin ya shiga kwamfutar kowa da kowa, daga mai buga katin biki har mai rajistar JAMB, bai taɓa ganin wanka ba. Za ka samu Wi-Fi, ka samu burauza uku da ba ka nema ba, sannan fayilolinka su koma gajerun hanyoyin da ba sa kai ka ko'ina. In abin ya ƙi, amsarsa a shirye take: "Sai dai a sake fomat." Shi a wurinsa fomat ba ya laifi, ƙarancinsa ne ke laifi.

Akwai kuma Alhaji, wanda direban laftof ɗinsa lafiya lau, MiFi na kan tebur yana ƙyalli, kalmar sirri ce ta ɓata. Ɗansa ne ya sa ta, ɗan kuwa yana makaranta a Zariya, wayarsa a kashe. A gwada sunan Hajiya, a gwada na auta, a gwada lambar mota. Ka ce, "Alhaji, ko a danna ɗan maɓallin nan ya koma yadda ya fito daga kamfani, tunda ta asali na rubuce a jikinsa?" Ya ce a'a, kada a ɓata wa yaro aiki. Haka za a zauna har la'asar.

Ɗan Linux kuwa da murmushin tausayi yake shigowa. "Da Ubuntu kuka sa da ba ku ga wannan ba." A ba shi dama ya sa, sai katin ya zama na Broadcom, irin wanda shi ma sai an sauko masa da nasa direban. Ya buɗe baƙin allo yana ta rubutu, gumi na tsattsafo masa, can ya yi ƙasa da murya: "Yaya, ba ka da kebul a gidan nan?"

Ni wanda nake tausayi shi ne maƙwabci mai kirki da ya kunna hotspot "na minti biyu kawai". Sabon Windows da ya ga intanet ba ya sallama, sabuntawa yake hau yi, gigabait na tafiya, alhali tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan farashi a farkon 2025 data ba abar kyauta ba ce. Da an nuna wa Windows cewa layin na awo ne, da ya rage zari. Ba wanda ya tuna, sai da saƙon ƙarewar data ya shigo. Gobe in ka gaishe shi, a taƙaice zai amsa.

Ga kuma wanda ya haɗu da intanet amma kowane shafi ya ƙi buɗuwa, yana ta zargin sammu, alhali ɗan batirin agogon cikin kwamfutar ne ya mutu, ta koma wata shekara can baya, shafukan suka ƙi yarda da ita.

Daga ƙarshe sai ƙanwar gidan, 'yar sakandare da ba wanda ya nemi shawararta, ta jona wayarta da kebul ɗin caji, ta kunna raba intanet ta USB, direba ya sauka. Ko kuma ta ce, "Kawu, ai alamar jirgi ce a kunne." Nan take Malam Ba-Sabis zai ce dama sabis ne ya dawo.

Mai karatu, kafin ka bari a goge maka laftof, shiga shafin HP ko Dell ko Lenovo, ka nemi samfurin taka, ka sauke direban Wi-Fi ka ajiye a wayarka. Kalmar sirrin gida kuma a rubuta ta a takarda, a ba Hajiya ajiya.