Ladubban Sauya wa Jita Hambaka, ga Wanda Kuɗi Ke Yi wa Ƙaiƙayi

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai kaɗa jitar lantarki, akwai wata larura da ba a rubuta ta cikin littattafan ɗibbu ba, alamarta kuwa ita ce mutum ya wayi gari ya ji amon jitarsa, wanda jiya-jiyan nan yake yabo, ya gundure shi, sa'an nan ya wanke yatsunsa daga zargi, ya ɗora laifin kacokan a kan fikof, wato 'yar na'urar nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi tana mai da girgizarsu lantarki. Tun da yake hana irin wannan mutum kashe kuɗinsa ba shi yiwuwa, abin da ya rage ga mai nasiha shi ne ya koya masa ladubban kashewa.

Ladabi na farko shi ne sanin nasaba. Fikof na dauri naɗi ɗaya ne na siririyar wayar jan ƙarfe kewaye da maganaɗisu, muryarsa garau, aibinsa kuwa yana kwaso gurnanin wutar gida ya cusa cikin waƙa ba tare da an gayyace shi ba. A shekarar 1955 wani injiniyan kamfanin Gibson a Amurka, Seth Lover, ya nemi rajistar wata dabara, ya jera naɗi biyu masu saɓa wa juna ta fuskar naɗi da ta maganaɗisu, ta yadda gurnanin wannan zai kashe na wancan, amon tsirkiya kuwa ya taru ya yi kauri. Wannan ita ce hambaka, aka kuwa ɗora ta a jitar Les Paul a 1957, da 'yar takarda manne a gindinta mai shaida cewa ana jiran rajista, shi ya sa ake ce mata PAF. To, ma'aikatan wancan zamani ba su tsayar da ƙidayar naɗi a kan adadi guda ba, saboda haka da wuya a sami biyu da suka yi daidai. Idan ɗan kasuwa ya rantse maka cewa tasa hambakar kwafin ta asali ce sak, sai ka tambaye shi cikin girmamawa, kwafin wacce daga ciki?

Ladabi na biyu shi ne kame baki daga saɓanin malamai a kan maganaɗisu. Mabiya Alnico, wato garwayen ƙarfe da alminiyam da nikel da kobalt, sun rabu gida-gida: masu lamba 2 na cewa nasu ya fi taushi da ladabi, masu lamba 5 na kafa hujja da tsayuwar amo da kaifinsa, ga kuma jama'ar maganaɗisun siramik da ke ganin duk amon da bai tashi maƙwabta daga barci ba bai cika sharaɗi ba. Kowa na da dalilinsa, sai dai babu ijma'i, kuma ba a sa ran samunsa, domin ranar da aka yi ijma'i ranar kasuwa za ta tashi.

Ladabi na uku shi ne kada lamba ta ruɗe ka. Hambaka irin ta dauri takan nuna wajen om 8,000 a ma'auni, alhali irin su JB ta kamfanin Seymour Duncan sukan kai wajen 16,000, ita kuwa hanyar zafafa amo ta buɗe ne tun 1972 da Super Distortion ta kamfanin DiMarzio. Wannan adadi na om tsawon waya da sirantakarta yake bayyanawa, ba daɗin sauti ba. Mai neman jitar da za ta yi masa kuka mai sanyi da hantsi, ta yi ruri da dare, maslaharsa na cikin matsakaicin ƙarfi, saboda amfilifaya na iya ƙara wa tsarkakken amo dauɗa, amma ba ta iya wanke wanda ya fito da dauɗarsa daga gida. Ka sa mai sanyi wajen wuya, mai ɗan zafi wajen jaki, inda motsin tsirkiya ya ƙaranta. Wanda ya zaɓi hambakar EMG mai aiki da batir mai bolt 9 kuwa, ya sani batir ba ya mutuwa a ɗakin gwaji, yakan jira sai jama'a sun taru.

Ladabi na huɗu, wanda ya kusa zama wajibi, shi ne ka sayi mai wayoyi huɗu, domin da ita ne za ka iya jawo mamurɗi ka kashe naɗi ɗaya, ka sami siririyar murya mai kama da ta jitar Stratocaster. A nan ne za ka ji gurnani ya dawo da sallamarsa, ka gane cewa ka biya kuɗi an warware maka aikin Seth Lover. Taura biyu dai ba ta taunuwa, sai fa idan ka haɗa naɗin biyu a jere kafaɗa da kafaɗa, amo ya sirance kuma gurnani ya ci gaba da zama a waje. Ka lura kowane kamfani da launin wayoyinsa, jar wannan ba jar wancan ba ce. In ka narka dalma ka haɗa a juye, har jitar ta koma magana ta hanci, kada ka nuna nadama: ka ce koyi kake da Peter Green na ƙungiyar Fleetwood Mac, wanda Les Paul ɗinsa ta 1959 ta shahara da wannan amo daidai.

Ladabi na biyar shi ne awo kafin ciniki, domin tazarar tsirkiyoyi ta jitar Fender ta ɗara ta Gibson da 'yan milimita, kuma hambaka ta fi sakin murya da mamurɗi mai om 500,000. Makaruhi ne, a mazhabar 'yan kasuwa, ka ɗauki sukudireba ka danne tsirkiya a matakin ƙarshe, ka murɗa 'yan kusoshin gefen hambaka har tazararta da tsirkiya ta zama kamar milimita biyu, domin sau da yawa wannan kaɗai ke kawo sauyin da ake nema kyauta. Haka nan ka toshe kunne daga labarin Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, kada ya ɓata maka ciniki.

A ƙarshe, tsohuwar hambakar da ka cire ka naɗe ta a ƙyalle ka adana. Samarin shekarun 1970 da suka ƙwaƙule PAF daga jitocinsu don su sa masu ruri, suka watsar da su kamar ɓawon gyaɗa, yau suna gani ana sayar da kowace guda dubban daloli, kuma har yanzu ba a sami mai ƙarfin halin yi musu jaje ba.